Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Magana ga Masu Gudunmu a Tudun Akuapem



Duk mazaunin Ankara ya san abin da ke gudana a hanyar Aburi ranar Asabar da sassafe da kuma ranakun hutu. Tun kafin gari ya gama wayewa motoci ke sauke jama'a a Ayi Mensah, a gindin tudu, daga nan su kama hawa zuwa Peduase, wasu a guje, wasu da sassarfa, wasu kuma suna takawa sannu a hankali. Cikinsu akwai 'ya'yan zangunanmu masu yawa, daga Madina da Nima da Mamobi da Ashaiman, kowace ƙungiya da rigunanta iri ɗaya, wata da ganga, wata da lasifika. Wannan abin a yaba ne, kuma duk wanda ya assasa shi ya yi wa al'umma alheri. Sai dai ina da magana guda da nake so shugabannin ƙungiyoyin nan su saurara. Mun daɗe muna juyawa daga bakin ƙofar Akuapem, alhali dukiyar tana ciki. Ya kamata mu zarce zuwa garuruwan da ke jere a kan tudun, kuma idan za mu zarce, mu shiga da sallama kamar yadda kakanninmu fatake suka riƙa shiga garuruwan mutane.

Bari mu fara da amfanin gudun kansa, domin har yanzu akwai dattawan da ke ganin babban mutum ba ya gudu sai in an biyo shi. Rayuwarmu ta sāke. Kakan da ya yi wata da watanni yana tafiya a ƙasa, jikansa yau yana wuni zaune a shago ko a kan babur ko a kujerar tirotiro, ya ci wake da shinkafa da safe, ya ci tuwon zafi da dare, ya sha shayi mai sukari kafin ya kwanta. Da wuya ka sami gida a zango da bai san hawan jini ko ciwon suga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai tsanani. Hawan tudu kuwa yana biyan wannan bashi da sauri, domin zuciya da huhu suna aiki tuƙuru ko da mutum bai saki ƙafa sosai ba, cinyoyi da sha-raɓa suna ƙarfi, kuma iskar kan tudu ta fi ta bakin kwatar Nima tsabta da sanyi. Lafiya uwar jiki, babu mai jayayya da wannan. Inda magana take shi ne inda muke gudun da kuma yadda muke yinsa.

Mai gudun da ya tsaya a Peduase, kusa da masaukin shugaban ƙasa da aka gina a zamanin Kwame Nkrumah, ya ɗauki hoto ya juya, ya ga filin Ankara shimfiɗe a ƙarƙashinsa, amma bai ga Akuapem ba. Da zai ƙara gaba ya ratsa Kitase, sai ga shi a Aburi, inda Turawan mulkin mallaka suka gina wurin jinya a 1875 saboda sanyin wurin, sa'an nan aka buɗe lambun itatuwa a 1890, wanda har yau jerin dogayen itatuwansa ke tarbar mai shiga. Daga Aburi hanya tana bin doron tudu, tana hawa tana sauka, ta ratsa Ahwerase da Obosomase da Tutu har Mampong. A Mampong ne wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya shuka irin koko da ya zo da shi daga tsibirin Fernando Po a 1879, kuma gonar tana nan ana ziyartarta. Daga can sai Amanokrom, sai Mamfe inda hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Larteh, ɗaya ta miƙe zuwa Akropong, fadar Okuapehene, sarkin ƙasar baki ɗaya. Bayan Akropong akwai Abiriw da Dawu da Awukugua da Adukrom. Garuruwan suna kusa da juna ƙwarai, har mai matsakaicin ƙarfi zai iya ratsa uku ko huɗu a gudun safiya guda. Samun irin wannan wuri a kusa da babban birni ba ƙaramar baiwa ba ce.

Kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan yana da labarinsa. Mutanen Larteh da na Adukrom da maƙwabtansu Guan ne, kuma sun riga kowa zama a kan tudun. Sun sha wuya a hannun Akwamu, har suka nemi taimakon Akyem, aka karya Akwamu a 1730, sa'an nan aka ƙulla alkawari a Abotakyi a 1733 wanda ya kafa sarautar Akuapem. Mutanen Awukugua suna cewa a garinsu aka haifi Okomfo Anokye, bokan da Tonawa ke dangantawa da kafuwar daularsu a Kumasi. A Akropong kuwa wani ɗan mishan na Basel mai suna Andreas Riis ya zauna a 1835, a 1843 aka kawo baƙaƙen fata Kiristoci daga Jamaika don su taimaka wa aikin, a 1848 aka buɗe makarantar horar da malamai da ke nan har yau. A nan aka yi babban aikin rubuta harshen Twi, shi ya sa karin harshen Akuapem ya daɗe yana zaman harshen littattafai. Wanda ya ratsa wuraren nan da kunne a toshe da waƙa, ido a kan agogo, ya yi asarar abin da ba a saye da kuɗi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Tun daga shekarun 1890 manoman wannan tudu suka fara gangarawa yamma, suna haye kogin Densu, suna sayen daji a ƙasar Akyem suna shuka koko, har zuwa 1911 ƙasar nan ta zama ta farko a duniya wajen fitar da shi. Da ribar suka gina manyan gidajen da muke gani a bakin hanya, da kuɗin aljihunsu kuma suka ɗauki nauyin wasu gadoji da hanyoyi. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta rubuta littafi a kansu a 1963, kuma ita ce daga baya ta je ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta rubuta wani a kan manoman Hausawa a 1972. Kafin mota ta yawaita, a ka ake ɗaukar koko, kaya guda kimanin kilo 27, a bi ƙananan hanyoyi a gangara da shi kasuwanni irin su Dodowa. Cikin 'yan dakon nan da leburorin gonaki akwai mutanen arewa da yawa, kuma a kan wannan harka zanguna suka bunƙasa a garuruwan koko irin su Nsawam da Suhum da Koforidua. Kalmar kaya ma da ke cikin sunan da ake kiran mata 'yan dako da shi a kasuwannin Ankara tamu ce. Saboda haka ɗan zangon da ya bi tsohuwar hanyar ƙafa a gefen tudun nan yana iya taka sawun wani kakansa da ya bi ta da kaya a ka, ba takalmi, don ya tara abin aure ko guzurin Makka.

Waɗannan ƙananan hanyoyi su ne suka fi dacewa da mai gudu. Kwalta tana da ƙunci a wurare da dama, tana da kwana-kwana, direbobi suna gangarowa da gudu, kuma a tsakanin Ayi Mensah da Peduase an sha samun duwatsu suna gangarowa kan titi da damina. Hanyar ƙasa ta fi sauƙi ga gwiwa, tana da inuwa, babu hayaƙi. Amma a nan ne ladabi ya zama wajibi, domin kwalta ta gwamnati ce, hanyar gona kuwa tana da masu ita. Wata tana ratsa gonar rogon wata tsohuwa, wata tana bi ta bayan ɗakin girkin wani, wata tana kaiwa ga rafin da gari ke sha, wata kuma tana shiga kurmin da mutanen gari suka keɓe, wanda su kansu ba sa shigarsa sai a ranakun da al'adarsu ta yarda. Idan mutum hamsin suka afka irin wannan hanya ba sallama, suka tattake shuka, suka tsinki lemo da gwanda, suka watsar da ledojin ruwa, to ba sunan ƙungiyarsu za a riƙe ba. Cewa za a yi 'yan zango ne suka yi, kuma mun san nauyin wannan kalma a bakin wanda bai san mu ba.

Abin mamaki shi ne, a duk ƙasar nan babu wanda ya kamata ya fi mu sanin dokar hanya. Sunan unguwanninmu kansa daga hanya ya fito, domin zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro suna shafe watanni suna ratsa ƙasashen da ba su jin harshensu, ta Borgu da Sansanne Mango da Yendi har Salaga. Ayari yana da madugu mai yanke shawara da magana da sarakuna, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da masauki, kuma a kowane babban gari akwai mai masaukin da ke tsaya musu. Ba sa sauka sai an gai da sarkin gari, ba sa haye kogi sai an biya fito, ba sa sakin jakuna a gonar mutane. Sun san cewa laifin ayari guda yana iya rufe hanya ga duk mai zuwa baya. Bayan yaƙin Salaga na 1892 da jama'a suka watse zuwa Kete Krachi da Kintampo da Kumasi da Ankara, da wannan hali suka sami filayen da muke zaune a kansu yau, domin zuwa suka yi suka roƙa a wurin masu ƙasa aka ba su. Ƙungiyar gudu ƙaramin ayari ce, kuma tana bukatar madugunta da jagabanta.

Misali mafi kusa shi ne batun ƙara. Mutanen Akropong suna bikin Odwira kowace shekara a wajen Satumba ko Oktoba, bikin da suka fara a 1826 bayan nasarar da aka yi kan Tonawa a Katamanso kusa da Dodowa. Makonni shida kafin bikin ana hana kiɗa da hayaniya a gari, har bukukuwan mutuwa ake dakatarwa. Ranar farko ta makon bikin kuma aikinta shi ne share hanyar da ta tafi Amanprobi, inda kakannin sarauta suke kwance. Mutanen da suka fara babban bikinsu da sharar hanya, ai ba sai an gaya maka matsayin hanya a wurinsu ba. Mu mazauna Ankara mun san irin wannan doka, domin Gā ma suna hana kiɗa na kimanin wata guda kafin Homowo. To, a ce ƙungiya ta shiga Akropong a irin wannan lokaci da ganga da lasifika, don kawai ba wanda ya tambaya. Mu auna da kanmu yadda za mu ji idan wasu suka ratsa ƙofar masallaci da kiɗa liman yana huɗuba, ko suka kutsa tsakiyar zaman makoki suna ihu da tafi. Ko sun ce ba su sani ba, za mu ce me ya hana su tambaya.

Na san akwai masu cewa, mu 'yan ƙasa ne, a nan aka haife mu, a nan aka haifi iyayenmu, ba mu bukatar izinin kowa kafin mu taka ko'ina a Ghana. Wannan magana tana da tushe, kuma tana fitowa daga tsohon ciwo. Dattawanmu ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia ba, lokacin da aka loda iyalai a motoci, wasu ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce su koma ba. Har yau akwai ɗan zangon da ake tsare shi da tambayoyi a wajen neman takardar shaida saboda sunansa. Don haka kalmar baƙo tana yi wa wasunmu zafi. Amma a lura, sallamar da nake magana a kanta ba ta taɓa zaman ɗan ƙasa ba. Mutumin Kumasi ma idan ya zo Larteh baƙo ne, mutumin Larteh idan ya shigo Sabon Zango baƙo ne, kuma muna sa ran ya gai da dattawan da ya tarar a kan tabarma. Wanda ya tabbata da matsayinsa ba ya jin gaisuwa ta rage masa komai. Bugu da ƙari, hanya mafi sauƙi ta kashe mummunan zaton da ake yi wa samarinmu, cewa su ne 'yan hayar 'yan siyasa ranar zaɓe, ita ce mutanen garuruwan nan su riƙa ganinsu kowane wata suna zuwa cikin tsari, suna gaisuwa, suna tafiya ba su bar ɓarna ba.

Wasu kuma damuwarsu ta addini ce. Suna cewa Larteh gari ne na tsafin Akonnedi, Akropong kuma cibiyar mishan ce, me ya kai Musulmi can? Amsa ita ce ba wanda ya ce a shiga ɗakin tsafi ko a sa hannu a abin da ake yi ciki. Sanin inda wurin yake ma shi ke sa a kauce masa, a bar wa masu shi abinsu. Fataken da muka ambata malamai ne da yawansu, sun ratsa garuruwa irin waɗannan da allunansu da buzayensu, sun yi salla a gefen hanya, ba su rasa imaninsu ba, ba su kuma zagi kowa ba. Haka nan idan al'adar fada ita ce a kai kwalbar giya wajen gaisuwa, sai a gaya wa okyeame, mai magana da yawun sarki, cewa mu Musulmi ne, a tambaye shi abin da za a kai a madadinta. Fadojin kudu sun daɗe da sanin sarakunan zango, wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu.

Masu gudu na gaske kuma za su ce tsaye-tsaye yana ɓata horo, mutum ya zo ne ya gwada ƙarfinsa da agogo. Gaskiya ne, kuma ba a haɗa gudu da susar gwiwa. Sai dai ɗaga hannu da cewa maakye ga tsohon da ke bakin ƙofa ba ya cin daƙiƙa guda, haka cewa agoo kafin a wuce mai ɗauke da itace a ƙunƙuntar hanya. Yawancinmu muna jin Twi, harshen bai zama hujja ba. Ziyara da jin tarihi kuwa sai a bar su zuwa ƙarshen gudu, lokacin da jiki ke hucewa.

Ga abin da nake ganin ya kamata shugabannin ƙungiyoyi su yi. Kafin a kai jama'a sabuwar hanya, mutum biyu ko uku su je tun da wuri, su gai da fada, su bayyana ko su wane ne, su tambayi ranakun da aka hana shiga daji ko yin ƙara, su nemi wani saurayi ɗan garin ya nuna musu hanya, kuma a biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙeƙe ba. Da ɗan gari akan ci gari. A hanyar ƙasa a kasa jama'a ƙungiya-ƙungiya, kada ta wuce mutum goma sha biyar, da jagaba a gaba da wani mai haƙuri a baya wanda ba zai bar kowa shi kaɗai ba, musamman mata da masu shekaru. Ganga da lasifika su tsaya a mota. Kowa ya koma da ledar ruwansa a aljihu. Inda dole a hau kwalta, a bi gefen hagu ana fuskantar motoci masu zuwa, a jere ɗaya bayan ɗaya, da riguna masu haske. A fara da gajeriyar tafiya kamar Aburi zuwa Obosomase, kafin a kai ga Mampong ko Akropong, kuma a tuna gangara ta fi hawa cin gwiwa, sai a rage tsawon taku. Da damina ƙasa tana santsi, da hunturu ƙura tana damun masu asma, da azumi kuma tafiya a hankali ta wadatar. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara.

Sai batun ciniki, wanda shi ne gadonmu. Bai dace mu cika mota da abinci daga gida, mu ci a garin mutane, mu bar musu shara kaɗai ba. A sayi ayaba da abarba da kwakwa a hannun matan bakin hanya, a biya kuɗin shiga lambun Aburi da gonar Mampong da daɗin rai, a leƙa wajen masassaƙan Aburi ko da ba za a saya ba. Sidi kaɗan daga hannun mutum talatin abu ne da mai talla za ta tuna, kuma ranar da wani ya gurɗe ƙafa a hanya, ita ce za ta fara kawo ruwa.

A ƙarshe ina kira ga masu alƙalami a cikinmu. Kowace hanya da ƙungiya ta bi, a rubuta ta da Hausa: daga ina aka tashi, ina aka ratsa, ina ruwa yake, ina ne ba a shiga, me dattawan garin suka faɗa game da shi. A saka a shafuka irin wannan don na baya su amfana, kamar yadda malaman da suka bi ayari suka bar mana jerin zangunan hanyar Gwanja a rubuce da ajami. Idan zumunci ya ƙullu kuma, a gayyaci samarin Mampong ko Mamfe su sauko zango ranar Salla su ci tuwo tare da mu, domin ziyara ba ta yin daɗi sai an rama ta.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya kai mu ya dawo da mu gida lami lafiya.